Ranar da Kakata Ta Faɗi Sunan Surukinta

Kakata Sairakan, wadda muke kira Ene, an haife ta tana amsa sunan dangi Orozaliyefa, ta yi aure tana Orozaliyefa, aka binne ta tana Orozaliyefa. Ko harafi ɗaya ba a taɓa canja mata a takarda ba. Haka abin yake a ƙauyenmu Tuyuk-Bulak. Gida ɗari da sittin muke, fiye da ɗari a ciki sunan nan ɗaya ne, har mai kawo wasiƙa sai ya tsaya bakin gada ya tambayi launin ƙofa.

A 1938 aka haife ta, 'yar ƙaramin ɗan Orozali ce, mutumin da ya kafa ƙauyen. Shekara talatin ta yi tana tatsar goɗiyoyin gonar gwamnati, ta haifi bakwai, biyar suka rayu. Gajeriya ce, yatsunta sun lanƙwashe saboda sanyi da allura, karatunta bai wuce lambobi ba. Bakinta kuwa, ko shugaban gona yakan canja hanya idan ya hango ta. Amma duk kaifin bakin nan, tun ranar da ta shiga gidan kakanmu ba ta taɓa furta sunan surukinta ba, kamar yadda ya wajaba ga kowace matar ɗa. Mai Gaggafa take ce masa, don ya yi farauta da gaggafa. Ya rasu tun kafin a haifi mahaifina, amma ita har ta tsufa Mai Gaggafa ne.

Akwai wani aiki nata da kowa ya sani, ba mai maganarsa. Idan saurayi ya ga yarinyar ƙauye yana so, uwarsa za ta zo gidanmu da ganyen shayi da sukari. Su shiga ɗaki da Ene, su rufe ƙofa, mu ji ƙarar murfin adaka. In sun fito, Ene ta ce, "Hanya a buɗe take," ko ta ce, "Ya duba wani gida." Ba a tambayar dalili, ba a kuma tsallake maganarta.

Maza kuwa aikinsu a fili yake. Kowane yaro kafin ya shiga makaranta sai ya haddace ubanninsa bakwai, daga mahaifinsa zuwa sama. Wanda bai san su ba, bawa ake ce masa, marar tushe. Kuma ba a aure tsakanin waɗanda suka haɗa uba a cikin bakwai ɗin nan, ƙazanta ce. A ƙauyenmu duk wanda ya fara ƙirge, suna biyu ko uku sai ya faɗa kan Orozali, daga nan kowa ya bi layi ɗaya. Ina 'yar shekara tara na ce, "Ene, idan duk 'ya'yan Orozali ne, yaya aka yi kika auri kakanmu?" Ta cusa mini dunƙulen busasshen cuku a baki ta ce in je in ɗaure maraƙi.

A 2014 na gama sakandare na samu aikin rubutu a ofishin ƙauye. Cikin Yuli wata malama ta zo daga wata cibiyar bincike a Bishkek, babban birnin ƙasarmu. Elmira sunanta, muna ce mata Elmira eje, wato yaya Elmira. Mace ce mai natsuwa, ta cire takalmi tun daga bakin ƙofa. Ta bayyana mini aikinta yadda zan gane. Sunan dangi yana bin uba ne kamar jini. In ka ɗauki littafin aure na ƙauyen da duwatsu suka rufe, ka ƙirga sau nawa ango da amarya suka zo da suna ɗaya, ka raba da huɗu, za ka samu ma'aunin kusancin jinin mutanen wurin ba tare da ka soki kowa da allura ba. Abin ya burge ni. Ni na ɗauko mata littattafan, ni na kakkaɓe su, ni na riƙa karanto mata tana rubutawa. Aure ɗari uku da goma sha biyu muka samu tun 1935. Ɗari da huɗu a ciki, Orozaliyef ne ya auri Orozaliyefa.

Ta daɗe tana kallon lambar. Ta ce ba za ta yarda da takarda kawai ba, sai ta ji daga bakin dattawa ko duk masu sunan nan daga mutum ɗaya suka fito.

Kerimkul aksakal, babban dattijonmu, ya yanka tunkiya. Ya tara maza, ya miƙa wa baƙuwa naman girma, sannan ɗaya bayan ɗaya suka miƙe suna rera ubanninsu, kowa na gyara hula idan ya iso kan Orozali.

"Jini ɗaya, ƙashi ɗaya," in ji Kerimkul. "Rubuta da kyau, 'yata. A duk kwarin nan ba inda za ki samu haka."

"To aksakal, yaya ake auren?"

Ya kaɗa hannu wajen madafa. "Wannan sha'anin mata ne."

Matan suna can suna suyar borsok, irin fankenmu, cikin hayaƙi, ba wanda ya kira su. Ene kuma tana kan tudu a makiyaya tare da goɗiyoyi, tafiyar yini guda a kan doki. Elmira eje ta rufe littafinta ta koma birni.

Cikin Satumba rediyo ya ɗauki maganar. Ba a faɗi sunan ƙauye ba. An ce dai wani ƙauye sama da garin At-Bashi, inda aure ɗaya cikin uku na masu suna ɗaya ne, kuma ma'aunin kusancin jini ya zarce na ko'ina. Ba sai an faɗi suna ba. Ranar Lahadi a kasuwar dabbobi wani ya buɗe bakin ragon mahaifina yana duba haƙora, ya ce, "Shi ma Orozaliyef ne? Uwarsa fa?" Kasuwa ta kwashe da dariya. Mahaifina ya dawo da ragon bai sayar ba, bai kuma ci abinci ba.

Yayata Begimai tana da wanda take so, Eldiyar, ma'aikacin lafiyar dabbobi a At-Bashi. Tun watan Mayu iyayensa suka zo suka sa mata 'yan kunne, aka tsayar da biki bayan an sauko da dabbobi daga tudu. Kwana goma da maganar rediyo, mahaifinsa Toktomush ya aiko cewa ranar Juma'a zai zo karɓar 'yan kunnensu. Ya ce ba ya son jikoki kurame. Eldiyar ya yi ta kiran waya yana rantsuwa cewa shi bai canja ba, amma Begimai ta san ba zai kai ta gidan da uba ya rufe ƙofa ba. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Sai dai hannunta bai rabu da kunnenta ba, kamar tana duba ko suna nan.

Ranar Talata Ene ta sauko daga tudu. Ta ji labarin tana kwance sirdi. Ta dube ni.

"Ke kika buɗe mata littafi?"

"Ni ce, Ene."

"To ɗauko mayafinki."

Muka tarar da Kerimkul a bakin ƙofarsa yana shan hantsi. Tare suka yi kiwon 'yan raguna suna yara, don haka ba ta tsaya dogon gaisuwa ba.

"Aksakal, na ji ka yanka tunkiya don a rubuta cewa muna auren 'yan'uwanmu. Allah ya sa naman ya yi daɗi."

"Sairakan, rage murya."

"Ranar Juma'a zan buɗe adaka."

Ya dube ni, ya dube ta. "Yarinyar nan ta ba mu wuri."

"Tana nan. Ita ta iya rubutu."

"Shekara kusan ɗari abin nan yana rufe. Orozali da bakinsa ya ce nasa ne, wa ya isa ya ce ba haka ba? So kike a riƙa kiran jikokina bayi a kasuwa?"

"Ka je kasuwar ka ji abin da ake kiransu yanzu."

"Magana ce, za ta wuce. Yarinya ɗaya ce, za ta samu wani."

"Wa? Akwai 'yan mata arba'in a bayanta. Kai za ka aure su, da haƙoranka uku?"

Ya buga sandarsa a ƙasa. "Salsala ba ta mata ba ce."

"Kai kake rera ta a gaban baƙi. Ni nake hana ta ruɓewa." Ta juyo gare ni. "Nuriza, kira malamar nan. Ki ce tsohuwar da ba ta tambaya ba tana nemanta."

A hanya na ce, "Ene, me ke cikin adakar?" Ta ce Juma'a ba nisa.

Elmira eje ta zo. Awa bakwai ta yi a motar haya, ta iso da hantsin Juma'a fuskarta duk a kumbure. Bayan azahar Toktomush ya iso da matarsa Anarkul da ƙanensa. Aka yi musu shimfiɗa a tsakar gida, aka zuba shayi. Ya kurɓa sau ɗaya, ya gyara murya zai fara.

"Sha shayinka tukuna, suruki," in ji Ene. "'Yan kunne ba su da ƙafa."

Ta sa mahaifina da ƙanena suka fito da adakar. A cikinta tush-kiyiz ne fal, zannuwan bangon nan masu ado da kowace uwa ke ɗinka wa 'yarta ta tafi da shi gidan miji. Idan mace ta rasu a ƙauyenmu, nata yakan dawo hannun Ene, ni kuma na ɗauka don ta iya adana kaya ne. Ta sa aka shanya su a kan igiya, amma a juye, bayansu na kallon mutane. Kafin a gama, maƙwabta sun cika bakin katanga. Kerimkul ya shigo da dattawa huɗu, suka tsaya ba su zauna ba.

A kusurwar kowane zane ta baya akwai alamomi biyu da baƙin zare, kowace ba ta fi ɗan yatsa ba.

Ene ta ce, "Shekarar gudu zuwa Sin, 1916, kowa a nan ya san ta. Abin da ba a faɗa shi ne dawowar. Orozali da matarsa Uulkan sun tsallako dutse daga Sin da 'ya'yansu biyu. Biyu, ba goma sha ɗaya ba. Sauran taran a hanya suka tsince su, wani kusa da gawar uwarsa, wani a bakin rafi yana cin ciyawa. Uulkan ta ɗinka wa kowanne alama a wuyan riga, ko danginsa za su zo nema. Ba wanda ya zo. Da mai rubuta sunaye ya iso ya ce 'ya'yan wa ne, Orozali ya ce nawa ne. Ya kyauta. Amma Uulkan ta san ranar aure na zuwa. Ta ce wa matan 'ya'yanta, kowace yarinya alamar ubanta a dama, ta uwarta a hagu. Gida goma ne a ƙauyen nan, suruki, daga ƙasa goma. Suna ne ɗaya."

Ta ɗauki sandarta ta bi igiyar. Ƙahon rago, gidan Orozali na jini. Jinjirin wata, Esenkul, daga bakin tafki. Tsani, Mamirbai, wanda aka samu da ƙuna a hannu. A nan Kerimkul ya juya ya fita, don Mamirbai mahaifinsa ne. Dattawa biyu suka bi shi. Ene ba ta ko waiwaya ba. Ta ci gaba har ta kai alama ta ƙarshe, sawun hankaka, ta tsaya.

Kowa ya san ta wane ne, don shi kaɗai ya rage, kowa kuma ya san ba za ta iya faɗa ba. Mahaifiyata ta taɓa ni ta raɗa mini, "Faɗe shi a madadinta." Na buɗe baki.

"Satibaldi," in ji Ene.

Wata tsohuwa a bakin katanga ta rufe bakinta da gefen mayafi. Shekara hamsin da bakwai ke nan Ene ba ta furta sunan nan ba.

"Satibaldi, uban mijina. A cikin jakar sirdi aka same shi, a jikin mataccen doki, bai fi shekara biyu ba. Ko sunan kansa bai sani ba, balle na ubansa. Ni jikar Orozali ce ta jini, na auri ɗansa, kuma ban ga abin kunya ba. Allah ya jiƙan Mai Gaggafa, ya yafe mini bakina."

Mahaifina ya sunkuyar da kai. Shekararsa hamsin da biyu yana rera sunayen da ba nasa ba, sai ranar ya ji.

Elmira eje ta tashi, ta je ta duba zannuwan ɗaya bayan ɗaya. Ta juyo wajen Toktomush ta ce, "Lissafina a kan abu ɗaya ya tsaya: suna ɗaya, kaka ɗaya. A nan ba haka ba ne, don haka lambar ta faɗi. Na tambayi maza, ban shiga madafa ba. Kuskurena ne."

Toktomush ya shafa gemu, ya dubi Ene. Mutum ne da ba ya son a ga ya zo da magana ya koma da ita. "To mun ji, ba jini ɗaya ba ne. Amma baiwar Allah, kin gyara ɗaya kin ɓata ɗaya. Yanzu ke nan yarinyar ba ta da ubanni bakwai."

Ene ta ce, "Uku gare ta. Na huɗun shi ne wanda ya ɗauka ya goya. Ƙirga naka mu ji."

Ya gyara zama ya rero su tsaf, har bakwai.

"Madalla. Uwar kakanka 'yar wace ce?"

Ya dubi ƙanensa. Ƙanen ya dubi shayi.

"Uwar mahaifiyarka fa, daga wane gida aka ɗauko uwarta?"

"Wa yake ƙirga mata?"

"Maza bakwai ka jero mini, ba wanda ya ɗauki cikin wani a cikinsu. Jini kake tsoro, amma rabinsa ka sani. Ita wannan zan kai ka uwayenta har zamanin Uulkan, ga su nan a rataye. In akwai mai tambayar wani a tsakar gidan nan, ni ce."

Wani a bakin katanga ya yi dariya, aka harare shi. Ene ta kira Begimai. Ta fito daga ɗaki da farin ɗankwali, ba ta jira an ce mata komai ba. Ta sa hannu ta cire 'yan kunnen, ta durƙusa ta ajiye su a kan shimfiɗa tsakanin kofuna.

"Da kuka sa mini su, 'yar Orozali kuka sa wa," ta ce a hankali. "Ni jikar Satibaldi ce. In kuna so, ku sake sawa. In ba kwa so, ga su nan."

Toktomush ya zuba musu ido bai motsa ba. Shayi ya huce. Na tuna ni na buɗe littafin nan.

Anarkul ce ta miƙa hannu. Ta ɗauke su, ta goge da gefen rigarta, ta ce, "Matso, 'yata." Tana sa na biyun ta ce wa mijinta, ba tare da ta dube shi ba, "Ni ma uwata 'yar tsintuwa ce, ka sani. Shekara talatin ban ga ka ƙi cin abincina ba."

Ya yi tari. Ya ce to amma lallai rediyo ya janye maganar. Elmira eje ta ce za ta tsaya a kai.

Kwana uku ta ƙara a gidanmu. Ni ina karanto aure ɗari da huɗun nan daga littafi, Ene na faɗin alamar ango da ta amarya, ita tana rubutawa. Uku ne kawai alamominsu suka haɗu, dukansu a shekarun yaƙin duniya, lokacin da maza suka yi ƙaranci. Elmira eje ta ce ko a bar su. Ene ta ce, "Rubuta. Ba don in ɓoye wasu na buɗe adaka ba."

Rediyo ya gyara maganar, cikin jimla biyu, da rana tsaka lokacin da kowa ke gona. Barkwancin kasuwa ya ɗauki shekara biyu kafin ya mutu. An yi bikin Begimai a ƙarshen Oktoba, gida ashirin ba su zo ba. Kerimkul bai sake gaida Ene ba. In sun haɗu a kan gada ya juya fuska wajen ruwa, ita kuma ta ce, "Ina kwana, ɗan Mamirbai," da ƙarfi, don kunnensa ya yi nauyi. An daina kiranta wankan jarirai a wasu gidajen. Na taɓa tambayarta ko ta yi nadama. Ta ce nadamarta ɗaya, da ta je tudu a watan da baƙuwa ta zo.

Ta rasu cikin Fabrairun 2019, dusar ƙanƙara har gwiwa, bayan ta goya 'ya'yan Begimai biyu. Babban ya cika surutu har Toktomush kan toshe kunnensa. Kerimkul bai shigo gida ba, amma an gan shi a maƙabarta, a can baya, ya jefa ƙasarsa ya tafi.

Adakar tana wurina. Nata zanen yana sama, ƙahon rago a dama, jinjirin wata a hagu. Ɗan ƙanena ya fara koyon ubanninsa bana. Yakan ce sunan babansa, da na kakansa, da na kakan babansa, sannan ya ce, "Satibaldi, wanda aka tsinta, da Orozali, wanda ya ɗauka." Malamin makaranta ya ce bai cika bakwai ba. Na je na same shi na ce a bar yaron haka.

Makon jiya matar jikan Kerimkul ta zo da ganyen shayi da sukari a ƙarƙashin mayafi, ta shigo ta ƙofar baya. Ɗanta ya ga wata yarinya a ƙasan gada. Ta yi mini nuni da ɗaki, tana magana ƙasa-ƙasa. Na ce mata ɗakin akwai duhu, idona kuma ba na Ene ba ne. Na jawo adakar zuwa tsakar gida na buɗe.